Mai Rijiya Bai Zura Guga Ba

Ranar da Armiya'u ya gama rubuta littafinsa, kabu-kabu biyu ya tsayar, ɗaya ya ɗauke shi, ɗaya ya ɗauki littafin. Ba don littafin ya fi ƙarfin cinyarsa ba. So yake mutanen Ƙaura su tambaya. Suka kuwa tambaya: mai tsiren bakin tasha ya ɗaga hannu ya ce in takardar naɗe nama ce a sauke masa nan.

Armiya'u malamin makarantar kuɗi ne, mai tabarau ɗin da ba likita ya rubuta masa ba. Tun da ya je wani kwas Gusau ya dawo, bakinsa ya daina faɗin "labari", sai "adabi". Kai tsaye ya nufi bayan tsohuwar tashar jirgi, inda 'yan ƙungiyar marubutan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke taruwa ƙarƙashin dogon-yaro. Shugabansu ya koma Gusau da zama, kujera ba kowa, kuma kowa ya san wadda za a ba: Lubabatu, 'yar kawun Armiya'u, taubashiyarsa, mai littafin Ɗankwalin Nafisa. Littafin nan babu gidan da bai shiga ba. Wanda bai karanta ba ya saurara, don yanzu karanta littafi ake yi a ɗauki murya, a tura wa mutane cikin memori. Akwai matar da ta bar tuwo ya ƙone a Moriki saboda Nafisa, mijinta bai yi faɗa ba, don shi ma yana bayan ƙofa yana ji.

Armiya'u ya dire littafinsa bisa benci, benci ya yi ƙara.

"Wanzuwa da Gushewa a Bakin Rijiya," in ji shi. "Wannan shi ake kira adabi. Ba irin alawar da wasu ke sayar wa mata ba, a tsotsa a yar da tsinke."

Lubabatu ta ɗaga kai daga wayarta. "Sannu bawana. Wanga kaya duk naka ne? Mi ke ciki?"

"Wani mutum ne ya je bakin rijiya da guga."

"Sai?"

"Sai ya tsaya yana tunani."

"Sai ya zura gugan?"

"Ke, ba a yi wa adabi irin wannan tambaya."

"To ya zura ko bai zura ba?"

"Rijiyar ba rijiya ba ce, rayuwa ce. Shi kuma gugan..."

"Bai zura ba," Lubabatu ta faɗa wa jama'a. "Iyalinai na can gida da ƙishirwa."

Aka kwashe da dariya. Armiya'u ya gyara tabarau.

"Naki ai duk ɗaya ne. Ya gan ta, ta gan shi, an raba su, an yi kuka, an sayo mota. Nawa kuwa, bayan shekara ɗari ana nan ana karanta shi."

"Awo. Wanda ya fara yau, sai lokacin zai gama."

Nan ne zuciya ta ɗebe shi. Ya miƙe tsaye ya ce a sa alƙali. Aka ce Muhtari mai turi na kasuwar Shinkafi, tunda shagonsa ne kowa ke kai memori a zuba masa waƙa da littafi. Armiya'u da bakinsa ya gindaya sharaɗi: kafin a yanke shinkafa, littafin da mutane suka fi saurare, mai shi ya hau kujera. Wanda ya faɗi kuma ya tsaya tsakiyar tashar Ƙaura ranar kasuwa, ya karanta littafin ɗan'uwansa da lasifika. Wannan fa mutumin da ke gaya wa ɗalibansa cewa littafin soyayya ko da sanda ba ya taɓa shi.

"Ku shaida," in ji Lubabatu. "Ba ni na aike shi ba."

Washegari ya dira shagon Muhtari. Muhtari ya ce akwai wata Laila mai taushin murya, ita ke karanta littattafai a ɗauka.

"Muryar mata ba ta ɗaukar nauyin wannan," in ji Armiya'u. "Ni zan karanta."

Ya zaro tasa da ludayin ƙarfe daga jaka.

"Malam, fura za mu sha?"

"Kayan aiki ne. Duk inda tunani ya yi zurfi zan buga, don mai sauraro ya tsaya ya auna."

Tunani kuwa ya yi ta zurfi. Armiya'u dama Allah ya hore masa murya, irin wadda in ya yi atishawa a Ƙaura ake amsa masa a Kurya. Ya dage: "Ya ke rijiya! Ya ke bakin da ba ya magana!" Ƙwal! Ya ɗan yi ƙasa da murya kamar mai gunaguni, har Muhtari ya fara gyangyaɗi, sai kuma: "Wane ne ni? Wane ne guga?" Ƙwal! Ƙwal! Mai gyaran agogo na kusa ya tattara kayansa ya koma wani layi. Sai da aka yi kwanaki ana wannan azaba kafin a gama.

Armiya'u bai tsaya jiran masu saye ba. Ya ce jama'a marasa lafiya ne, magani kuwa kai musu ake yi. Ya shiga motar Jafaru direba mai zuwa Zurmi, ya kama gidan gaba. Ana fita gari Jafaru ya kai hannu zai kunna Ɗankwalin Nafisa, kamar yadda ya saba, Armiya'u ya riƙe hannun.

"Yau fasinjanka za su ci abinci mai gina ƙwaƙwalwa."

Aka sa memori. Mutumin ya iso bakin rijiya. Aka wuce gonaki, aka wuce gada, yana nan tsaye. Wata tsohuwa mai kwandon kaji a baya ta leƙo.

"Ɗana, wanga bawan Allah igiya ce ba shi da ita?"

"Yana da igiya, Inna."

"To layi anka yi?"

"Shi kaɗai ne."

"Allah shi ba shi lafiya," in ji tsohuwa.

Ba ta rufe baki ba tasa ta tashi. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Hanyar nan kowa ya san halinta, ba a son jin ƙara a kanta. Kafin ka ce wani abu kowa ya dunƙule ƙarƙashin kujera ana salati, an ɗauka harbi ne. Jafaru ya sunkuya yana tuƙi da ƙeya, mota ta sauka titi ta shiga gonar wani ta tsaya cikin gero. Murfin kwando ya buɗe, kaji suka fice ta taga. Armiya'u kaɗai ya rage zaune, yana murmushi, yatsa a sama.

"Nan ne ya gane cewa guga ma rijiya ce ƙarama."

Sai da suka sa shi ya bi kajin nan cikin gero da babbar riga har ya kamo su. Da aka iso Dauran, Jafaru ya tsaya, ya zagayo ya buɗe masa ƙofa da kansa, ya miƙa masa memorinsa da yatsa biyu.

"Malam, in ka sake ganin motata, ka ɗauka ta cika."

Da ya koma Ƙaura aka tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Adabi ya girgiza su. Har mota sai da ta kauce hanya. Ku tambayi Lubabatu ko nata ya taɓa haka."

Daga nan ya ce matsalar maza ce, ba su da natsuwa. Ya nufi gidan goggonsa Hajiya Saudat a Zurmi, inda mata ke taruwa aikin ƙuli-ƙuli. Al'adarsu ce a rataye sifika a jikin rumbu, hannu na murza tunkuza, kunne na wurin Nafisa. Ranar ma an kai inda Anwar, saurayin Nafisa, ya tsinci ɗankwalinta a bakin kogi. Armiya'u ya tsaya zaure ya yi ta magiya, ya ce na ɗan lokaci ne, kuma akwai darasi ciki. Goggo ta karɓa don kunyar ɗan ƙanenta.

Ya zauna zaure yana jin muryarsa na tashi cikin gida, yana kaɗa kai. Da farko ya ji shiru, ya ce sun nutsa. Barci ne. Mai tuya ta jingina da bango, masu murzawa kai ya rataya. Sai tasa. Jarirai suka tsala ihu gaba ɗaya. Mai tuya ta zabura ta yi fatali da tiren ƙuli, awaki suka ce gaba ta kai su. Aka lallashi yara, aka kori awaki, murya ta koma gunaguni, barci ya dawo. Sai tasa. Kaskon da ke kan wuta kuwa ba wanda ya tuna da shi har hayaƙi ya fito zaure.

Goggo ta fito da muciya a hannu.

"Kai Armiya'u! Mutumin ga naka mi shika jira? Tun hantsi shina tsaye! Ni da ciwon gwiwata da yanzu na cika randa na yi wanki."

"Goggo, ai alama ce..."

"Alamar lalaci! In surukina ne da tuni na karɓe ɗiyata."

"Ba a gane shi da sauri. Sai an yi haƙuri an kai ƙarshe."

"To a ƙarshen ya ɗebo?"

Armiya'u ya dubi muciya, ya dubi ƙofa. Ya zaɓi ƙofa. Takalminsa ɗaya ya biyo shi ta sama.

Wani mai hankali da ya haƙura nan. Shi ma ya fara ramewa, ya daina bi ta tasha, don duk ɗan kamashon da ya gan shi sai ya ɗaga murya: "Malam, an zura?" Shinkafa ta fitar da kai, ta fara nuna. Ana nan sai ga wayar Muhtari.

"Malam, littafinka fa ya tashi. Tun safe nika turi. Kowa ya zo sai ya ce a ba shi na mai rijiya. Ya wuce na Lubabatu nesa."

Armiya'u ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. "Su wa ke saye?"

"Manoman fadama. Amma Malam, akwai abin da ya kamata ka..."

"Manoma! Na faɗa! Mutanen da ke kusa da ƙasa su ke gane zurfi. Kada ka ƙara komai, Muhtari. Ranar kasuwa ina nan tafe."

Ya ɗinka sabuwar shadda. Ya ɗauki maroƙi. Ya kira 'yan ƙungiya kaf, ya aika wa Lubabatu cewa ta zo ta fara koyon yadda ake riƙe lasifika. Ranar kasuwar Shinkafi aka cika ƙofar shagon Muhtari, maroƙi na gaba yana kirari: "Ga mai rijiya! Ga wanda ya kori alawa daga kasuwa!" Muhtari ya yi ta jan hannun rigarsa, shi kuwa yana fizgewa yana gaisawa da jama'a.

Aka yi sa'a ga wani dattijon manomi, Gado, ya zo da memori har a cikin hularsa. Da aka ce masa ga mai littafin, ya kama hannun Armiya'u da hannu biyu.

"Kai ne? Allah shi yi ma albarka! Bana ka fisshe mu. Tun asuba muke kunna ka, ba mu kashewa sai rana ta faɗi."

Armiya'u ya juya ya kalli Lubabatu. "Kin ji? Tun asuba." Ya koma ga Gado. "Baba, wane wuri ya fi taɓa ku?"

"Wurin tasa."

"Allahu akbar! Manomi ya gane abin da 'yan boko suka kasa. A ina kuke taruwa ku saurara? Mu je in gana da masu saurarona."

"Malam," in ji Muhtari, "da dai ka bari..."

"Mu je!"

Aka ɗunguma, Gado a gaba, maroƙi na biye, 'yan kasuwa marasa aikin yi suka rufa baya. Tun kafin a gangara fadama aka fara jiyo shi. "Ya ke rijiya!" daga gabas. "Wane ne guga?" daga yamma. Armiya'u ya ƙara sauri, shadda na kaɗawa.

Fadama ta buɗe, shinkafa ta yi jawur har iyakar gani. Cikin kowace gona an kafa gora, bisa kowace gora an ɗaure sifika da ɗan farantin sola. Armiya'u goma, Armiya'u ashirin, kowanne na faɗa da rijiyarsa. Mutum kuwa ko ɗaya babu.

"Ina jama'ar?"

"Dakata ka gani," in ji Gado, yana nuna sama.

Wani baƙin girgije ya taso daga bakin gulbi, tsuntsayen jan-baki ne, masu cinye gona kafin mai ita ya gama alwala. Suka karkato, suka yi ƙasa, suna shirin sauka. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Girgijen ya dare biyu, ya juya, ya nufi Nijar.

"Ka gani?" Gado ya yi tafi. "Da, yini muke muna bugun gwangwani, murya ta dishe. Mun gwada waƙa, sunka saba, har rawa suke. Amma kai, ba su san sa'ad da za ka fashe ba. Ka yi lamo kamar ka mutu, sai ka taso."

Maroƙi ya rufe bakinsa da hula. Kafaɗunsa na rawa.

"Na Lubabatu fa?" wani ɗan ƙungiya ya tambaya, don mugunta.

"Kayya, wancan ba shi da amfani," in ji Gado. "Mun sa shi. Masu gadi sunka zauna gindin gora suna share hawaye, jan-baki na ci. Naka kuwa, Malam, ba ya riƙe kowa. Da mun kunna, sai kowa ya kama gabansa ya tafi wani aikin."

Dariyar da aka yi ta kusa korar sauran tsuntsayen. Armiya'u ya cire tabarau, ya mayar.

"Turi dai turi ne," ya ce da ƙarfi. "Muhtari, wa aka fi tura wa?"

"Kai, Malam."

"To!"

"Bawana," in ji Lubabatu, "mi munka ce ƙarƙashin dogon-yaro? Wanda mutane sunka fi saurare. Da bakinka. In kana da ƙuri'ar jan-baki, kira su su dawo su shaida."

"Dole akwai wanda ya ji shi har ƙarshe! Baba, ba mai kwana a bukkar can?"

"Akwai, ƙanena. Shi kaɗai ke iya zama kusa." Gado ya taɓa kunnensa ya girgiza kai. "Tun yana yaro ba ya ji."

"Ni na ji shi har ƙarshe," in ji Lubabatu.

Armiya'u ya juyo.

"Na ji. Sai da na sha maganin ciwon kai, amma na ji. Can tsakiya, inda mutumin ya tuna kakarsa tana auna hatsi daga rumbu, tana ɓoye wa jikoki cewa ya kusa ƙarewa, rumbun Kaka ne, na gane shi. Nan na aje wayar na yi kuka. Ni ban iya rubuta irin wannan ba, ko zan shekara. Amma ka binne shi ƙarƙashin tasa, wa zai tono?" Ta juya ga jama'a. "Kuma bai zura gugan ba."

Gado ya matso ya dafa Armiya'u.

"Malam, in za ka yi na biyu, don Allah ka ƙara tasa, ka rage magana."

Ranar kasuwar Ƙaura tasha ta cika har kan motoci. Jafaru ya ƙi lodi. Goggo Saudat ta zo tun daga Zurmi da kujerarta da ɗaya takalmin da ya baro a gidanta, ta ce in ya karanta da kyau za ta mayar masa. Aka ɗora Armiya'u kan benci, aka ba shi lasifika, Lubabatu, sabuwar shugaba, ta miƙa masa Ɗankwalin Nafisa. Ya karɓa da gefen riga.

Ya fara da izgili, yana maƙe murya kamar mace, yana tsayawa yana cewa, "Ku ji fa, wai wannan rubutu ne." Ba wanda ya yi dariya. Mai tsire ya ce, "Malam, karanta ko ka sauka." Ya ci gaba. Da aka kai inda aka yi wa Anwar ƙazafin satar buhun gero, izgili ya ragu. Da aka kai bakin kogi, ya manta da maƙe murya. Da ambaliya ta cinye gadar da Nafisa ke kai, sai ga Armiya'u ya cire tabarau ɗin nan gaba ɗaya ya sa aljihu, don yana hana shi gani. La'asar ta yi, aka ce a tsaya salla, shi ne ya fara dawowa kan benci.

Anwar ya iso bakin ruwa da ɗankwali a hannu. Ya hango wani abu na yawo tsakiyar kogi. Ya tuɓe riga. Armiya'u ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

Babu komai. Bangon littafin ne, labari ya tsaya nan.

Ya juya littafin, ya girgiza shi, ya leƙa ƙarƙashin benci. Sannan ya sunkuyo wajen Lubabatu ya yi raɗa, ya manta lasifika na bakinsa, raɗar kuwa har masu awo na ƙarshen kasuwa suka ji ta:

"Ke, don girman zumunci. Ita ce? Ya fiddo ta?"

Lubabatu ta karɓi littafinta, ta kaɗe shi, ta sa cikin jaka.

"Je ka gaya wa mutuminka ya zura guga tukuna."